Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga editocin wasanni na kafafen Hausa: ku ba mu labarin ɗalibai mata masu ninƙaya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ku editoci da masu gabatar da shirye-shiryen wasanni a gidajen rediyo da talabijin da jaridun Hausa, ina rubuto muku ne a matsayin wadda ta daɗe tana sauraronku, tun zamanin da mahaifinmu yake ajiye rediyo a gefen tabarma bayan sallar Isha'i har zuwa yau da muke binku a waya. Ta bakinku na san ƙungiyoyin Turai da 'yan damben gargajiya da 'yan kokawa, kuma ban raina wannan aiki ba. Ƙorafi ɗaya gare ni, kuma akwai roƙo a cikinsa.

Ranar 20 ga Maris, 2025, aka zaɓi Kirsty Coventry, 'yar ƙasar Zimbabuwe, shugabar Kwamitin Olamfik na Duniya, inda ta samu ƙuri'a 49 cikin 97 tun a zagayen farko. Ita ce mace ta farko da ta hau wannan kujera, ita ce kuma ta farko daga nahiyar Afirka. Da yawanku kun kawo labarin, kun kuma kyauta, sai dai a iya abin da kunnena ya ji, an tsaya ne a kan cewa ministar wasanni ce a ƙasarsu wadda ta taɓa cin lambobin yabo, ba a faɗi inda aka ƙera ta ba. Coventry ta bar Harare tana budurwa ta tafi Jami'ar Auburn da ke jihar Alabama a Amurka da tallafin karatun da ninƙaya ta samo mata. Tana cikin tawagar matan Auburn da suka ɗauki kofin jami'o'in ƙasar a 2003 da 2004, kuma tana ɗaliba ta je gasar Olamfik ta Athens a 2004 ta dawo da zinare da azurfa da tagulla. A 2005 ta lashe tsere uku ita kaɗai a gasar jami'o'i. Cikin lambobi takwas da Zimbabuwe ta taɓa samu a Olamfik, bakwai nata ne. Duk wanda ya ba da labarinta ya tsallake kwamin ninƙaya na jami'a, reshe ya nuna wa mai sauraro, ya bar saiwar a ƙasa.

Gasar da nake magana a kai ita ce wadda hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, take shirya wa mata duk watan Maris, ta ninƙaya da ta tsunduma, wato tsalle daga sama zuwa cikin ruwa. Kwamin da ake yin ta yadi 25 ne tsawonsa, bai kai rabin na Olamfik mai mita 50 ba, don haka ana yawan juyawa a bango, kuma wadda ta iya juyi da tafiya a ƙarƙashin ruwa ita ke cin riba. Salon iyo huɗu ne: na rigingine, na kwaɗo, na malam-buɗe-littafi, da na ganin-dama wanda kowa ke sarar ruwa da hannu bi da bi domin shi ya fi sauri. Abin da ya bambanta wannan gasa da Olamfik shi ne maki, domin ba wadda ta zo ta ɗaya kaɗai ake kallo ba. Ta farko tana samo wa makarantarta maki 20, ta biyu 17, haka ake sauka har zuwa ta goma sha shida da ke samun maki ɗaya, a tseren karɓa-karɓa kuwa ana ninka makin. Saboda haka yarinyar da ba wanda ya san sunanta, wadda ta zo ta goma sha ɗaya, tana iya zama sanadin kofi.

Ni ma ban san da wannan duniya ba sai da karatu ya kai ni wata jami'a a tsakiyar Amurka, inda aka haɗa ni da wani aji na 'yan shekarar farko in riƙa taya malaminsu duba aikin gida. Akwai wata yarinya da kullum take zama a layin gaba a darasin ƙarfe takwas, gashinta a jiƙe ko da ƙanƙara na zuba a waje, da shatin tabarau ɗin ruwa zagaye da idanunta, tana cin ayaba a gaggauce kafin malami ya shigo. Da na tambaye ta, sai ta gaya mini cewa tun ƙarfe biyar da rabi na asuba take cikin ruwa, kuma da la'asar za ta koma, ga ɗaga ƙarfe a tsakani. Ƙa'idar hukumar ta taƙaita atisayen da koci zai wajabta zuwa awa 20 a mako, amma idan aka haɗa da tafiye-tafiye da jinyar kafaɗa, abin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Rabin kuɗin makarantarta ninƙaya ce ke biya, kuma idan makin jarrabawarta ya faɗi ƙasa da abin da aka gindaya, za a hana ta shiga gasa. Wata Asabar ta gayyace ni in je in kalle su. Na shiga zauren da rigar sanyi na tarar da zafi da tururi kamar ɗakin da aka dafa ruwan wanka, ga warin sinadarin tsabtace ruwa, ga ƙarar da ba a jin maganar na kusa. 'Yan tawagarta sun durƙusa a bakin layinta suna kaɗa hannu suna ihu duk lokacin da ta ɗago kai ta shaƙi iska. Ta biyar ta zo, ta fito tana haki ta rungume wadda ta kayar da ita, ranar Litinin kuma ta miƙo aikin gidanta a kan lokaci. Ba ta taɓa zuwa Olamfik ba, kuma irinta dubbai ne. A kan kafaɗunsu zakarun da zan ambata suke tsaye.

Ya kamata masu sauraronku su san cewa wannan ƙofa a rufe take har zuwa kwanan nan. A gasar Olamfik ta Tokyo ta 1964, Donna de Varona ta ci zinare biyu tana da shekara 17. Abokin tawagarta Don Schollander, wanda ya ci zinare huɗu, ya ci gaba da ninƙaya a tawagar Jami'ar Yale, ita kuwa babu tallafin karatu na wasanni da ke jiranta domin ita mace ce, sai ta ajiye ninƙaya a lokacin da ƙarfinta yake kan ganiyarsa ta koma sharhin wasanni a gidan talabijin na ABC. Labarin Micki King ya fi wannan taɓa zuciya. Ta yi karatu a Jami'ar Michigan lokacin da babu tawagar mata, sai kocin maza, Dick Kimball, ya riƙa horar da ita tsunduma tare da ɗalibansa, ba tare da tana da damar wakiltar makarantar ba. A Olamfik ta Meziko a 1968 tana kan gaba, a tsallenta na tara cikin goma hannunta na hagu ya bugi katakon da ake tashi a kai ya karye. Da karyayyen hannun ta hau ta yi tsalle na ƙarshe, ta ƙare a ta huɗu. Bayan shekara huɗu, a Munich, ta ɗauki zinaren. Baiwa dai tana nan tun fil azal. Abin da babu shi ne makarantar da za ta ɗauki nauyinta.

Abin da ya sauya lamarin doka ce. Ranar 23 ga Yuni, 1972, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a kan gyaran dokar ilimi wadda sashenta na tara, da Amurkawa ke kira Title IX, ya haramta wa duk makarantar da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya nuna bambanci tsakanin mace da namiji. 'Yan majalisa irin su Patsy Mink da Edith Green da Sanata Birch Bayh ne suka tsaya mata. Jimlar da ke ɗauke da hukuncin kalma 37 ce kacal, kuma babu kalmar wasanni a cikinta, amma da aka zo aiwatarwa sai ya zama dole jami'ar da ke kashe miliyoyi a kan ƙwallon maza ta raba tallafin karatu da wuraren atisaye da masu horarwa bisa adalci. Shi ya sa shekaru da dama ƙa'idar hukumar ta ba tawagar ninƙaya ta mata gurbin tallafi 14, ta maza kuwa bai cika goma ba, domin a rage giɓin da ƙwallon Amurka ta maza ta haifar. Da farko wata ƙungiya da mata ke jagoranta, AIAW, ita ke shirya gasar, har zuwa 1982 da NCAA ta yi tata ta farko a Gainesville, inda Jami'ar Florida ta yi nasara, ɗalibarta Tracy Caulkins kuma ta lashe tsere biyar. Ranar da Coventry ta karɓi ragamar Kwamitin Olamfik ita ma 23 ga Yuni ce, shekara 53 cif bayan sa hannu a kan waccan doka.

Idan kuna neman abin da zai riƙe mai sauraro, ku ɗauki tseren yadi 1650, wanda shi ne mafi tsawo a gasar. Sau 66 ake ratsa kwamin. Saboda mai iyo ba za ta iya riƙe lissafi ba, wata 'yar tawagarta tana durƙushe a ƙarshen layi da allon lambobi tana tsoma shi cikin ruwa duk zagaye, idan an zo tsallakawa ta ƙarshe kuma sai ta juya mata gefen allon mai ruwan lemo, a kaɗa ƙararrawa ga wadda ke gaba. Katie Ledecky ta Jami'ar Stanford ta yi wannan tsere cikin minti 15 da daƙiƙa 3.31 a watan Nuwamba, 2017, wato ƙasa da daƙiƙa goma sha huɗu a kowace tsallakawa, sau 66 ba tare da sassautawa ba. Wannan baiwar Allah ta shiga Stanford ne bayan ta ci zinare huɗu a Rio a 2016, lokacin da dokar hukumar ta hana ɗalibi karɓar kuɗin talla, ta bar maƙudan kuɗi ta zaɓi aji da tawaga na shekara biyu, kamar yadda Missy Franklin ta yi a Jami'ar California bayan Olamfik ta Landan. Da ita Stanford ta ɗauki kofin 2017 da 2018, kuma ko da ta koma ƙwararriya mai karɓar kuɗi ba ta bar karatun ba, sai da ta kammala digirinta a fannin nazarin halayyar ɗan Adam. Yau tana da zinare tara na Olamfik. Sai a watan Yuli na 2021 aka sassauta waccan doka ta talla.

A 'yan shekarun nan kuwa Jami'ar Virginia ce ke jan zarenta. Ƙarƙashin koci Todd DeSorbo matanta sun ɗauki kofi sau biyar a jere daga 2021 zuwa 2025, abin da Texas ta yi daga 1984 zuwa 1988, Stanford kuma daga 1992 zuwa 1996. A 2022 ɗalibarsu Kate Douglass ta lashe tsere uku a salo uku daban-daban, na ganin-dama da na malam-buɗe-littafi da na kwaɗo, abin da masu sanin harkar suka san wahalarsa, domin jikin da ya dace da wani salon ba lallai ya dace da wani ba. Abin da ya fi burge ni game da ita shi ne ɗalibar ilimin ƙididdiga ce, kuma ta yi aiki da wani farfesan lissafi na jami'ar, Ken Ono, wanda ke ɗaura wa masu iyo wata 'yar na'ura a ƙugu tana auna inda suke ƙara sauri da inda ruwa ke riƙe su. Da irin waɗannan alƙaluma ake gyara yadda mai iyo ke sunkuyar da kai ko miƙe jiki bayan juyi, kuma Douglass ta sa hannu a maƙalar ilimi da aka wallafa a kan aikin kafin ta je Paris a 2024 ta ci zinare a iyon kwaɗo na mita 200. Abokiyar tawagarta Gretchen Walsh ta je gasar duniya ta ƙaramin kwami a Budapest a watan Disamba, 2024, tana ɗalibar shekarar ƙarshe, ta dawo da zinare bakwai, sannan a Maris, 2025, ta yi yadi 100 na malam-buɗe-littafi cikin daƙiƙa 46.97, mace ta farko da ta sauka ƙasa da 47. Wannan labari ne na ɗakin karatu da kwamin ninƙaya a harabar makaranta ɗaya, kuma iyayen da ke ganin wasa kishiyar karatu ne sun cancanci su ji shi.

Akwai wani dare da na so a ce an ba da labarinsa da Hausa tun lokacin da ya faru. A watan Maris, 2015, a birnin Greensboro na jihar North Carolina, aka yi tseren ƙarshe na yadi 100 na ganin-dama. Simone Manuel ta Stanford ta zo ta ɗaya da daƙiƙa 46.09, wanda ya zama sabon tarihi a Amurka, Lia Neal ta Stanford ta zo ta biyu, Natalie Hinds ta Florida ta uku. Dukkansu baƙaƙen fata ne, kuma ba a taɓa ganin haka ba a tarihin gasar. Nauyin abin ba zai fito ba sai an tuna cewa shekaru aru-aru an hana baƙar fata shiga wuraren ninƙaya na gwamnati a sassa da yawa na Amurka, har ta kai a watan Yuni, 1964, manajan wani otal a St. Augustine da ke Florida ya kwarara ruwan asid a kwamin otal ɗin domin ya kori masu zanga-zangar da suka shiga. Uwar da aka hana koyon iyo ba ta koya wa 'yarta, tsoron ruwa ya zama gado, daga nan kuma aka ƙirƙiro ƙaryar cewa jikin baƙar fata bai dace da ruwa ba. Greensboro ɗin nan ita ce garin da ɗalibai baƙaƙe huɗu suka zauna a teburin cin abinci na Turawa zalla a 1960 suka ƙi tashi. Kafin waɗannan ukun akwai Maritza Correia ta Jami'ar Georgia, wadda ta lashe yadi 50 da 100 a 2002, ta kuma zama baƙar mace ta farko a tawagar ninƙaya ta Amurka a Olamfik a 2004, akwai kuma Alia Atkinson 'yar Jamaika da ta yi karatu a Texas A&M, wadda a Doha a 2014 ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kambun duniya a ninƙaya. Shekara ɗaya da 'yan watanni bayan daren Greensboro, Simone Manuel ta taɓa bango a Rio a daidai daƙiƙa 52.70 tare da Penny Oleksiak ta Kanada, aka ba su zinare su biyun.

Afirka ma ta sha daga wannan rijiya ba ta hannun Coventry kaɗai ba. Penny Heyns, wadda ta ci wa Afirka ta Kudu zinare biyu a iyon kwaɗo a Atlanta a 1996, na farko da ƙasar ta samu bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata, ɗalibar Jami'ar Nebraska ce. Farida Osman 'yar Masar ta lashe yadi 100 na malam-buɗe-littafi a gasar jami'o'i ta 2017 da sunan Jami'ar California, a bazarar shekarar kuma ta samo wa Masar lambarta ta farko a ninƙaya a gasar duniya, tagulla a Budapest.

Tsunduma ita ce aka fi zalunta wajen ba da labari, har a can Amurkar, alhali makinta na shiga lissafin kofi daidai da na ninƙaya. Matakai uku ne: katako mai lanƙwasa na mita ɗaya, na mita uku, da dandamali mai tsayin mita goma, kwatankwacin bene mai hawa uku. Wadda ta taso daga can tana isa ruwa cikin ƙasa da daƙiƙa ɗaya da rabi, da gudun da ya kai kilomita 50 a awa, kuma a ɗan wannan lokaci za ta yi alkafura uku da rabi ta miƙe ta shiga ruwa ba tare da ya fantsama ba. A zauren da na je na lura ana fesa ruwa a saman kwamin ba fasawa, aka bayyana mini cewa domin mai juyawa a iska ta iya gane inda fuskar ruwa take, na kuma ga kowace tana goge ƙafafunta da ɗan ƙyalle kafin ta hau, kada hannunta ya zame lokacin da ta riƙe gwiwa. Zauren da ke cike da ihu yakan yi tsit kamar ruwa ya ci shirwa da zarar ta tsaya a bakin dandamali. Laura Wilkinson ta Jami'ar Texas ta ci kambun dandamali na jami'o'i a 1997 da 1999, sai ta karya ƙasusuwa uku a ƙafa wata shida kafin Olamfik ta Sydney. Makonni ta yi tana hawa dandamalin tana maimaita tsallen a cikin kanta ba tare da ta iya yin sa ba, a Sydney kuma da wani takalmi na musamman take hawa matakala ta cire shi a sama. Daga baya ta taso ta wuce 'yan Sin ta ɗauki zinaren, wanda rabon mace Ba'amurkiya da shi tun 1964. Lambar farko da Amurka ta samu a Paris a 2024 ma daga tsunduma ta fito, azurfar da Sarah Bacon, tsohuwar ɗalibar Minnesota, da Kassidy Cook ta Stanford suka ci a tsallen mutum biyu. A watan Disamba, 2021, Kristen Hayden ta Jami'ar Indiana ta zama baƙar mace ta farko da ta ci kambun ƙasa a wannan wasa.

Na san abin da wasunku za su ce, wato kayan da waɗannan mata ke sawa, kuma ba zan mayar da maganar ƙarama ba, domin ni kaina ba zan sa su ba, ba zan kuma so 'yata ta sa su a bainar jama'a ba. Sai dai ba da labarin bajintar mutum daban yake da kwaikwayon shigarsa. Rediyo ba ya ɗauke da hoto, jarida kuma tana da zaɓin hoton da aka ɗauka a wajen ba da lambobi inda kowa ke sanye da doguwar riga da wando. Kun ba mu labarin Tobi Amusan lokacin da ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge a 2022, muka yi murna tare, kuma ita ma ta wannan hanya ta bi, domin ta ci kambun jami'o'in Amurka a 2017 tana ɗalibar Jami'ar Texas da ke El Paso. A waccan jami'a da na zauna ne na koyi iyo ina da shekara talatin da ɗoriya, a wani lokaci da aka ware wa mata zalla sau ɗaya a mako, an rufe tagogi, masu tsaron ruwan mata ne, ni da wasu 'yan Somaliya da 'yan Malesiya muna sanye da kayan da suka rufe jiki daga wuyan hannu zuwa idon sawu. Mun taso muna jin maganar da ake jingina wa Sayyidina Umar cewa a koya wa 'ya'ya iyo da harbi da hawan doki, kuma ku da kanku kuke karanto mana labarin kifewar kwale-kwale a kogunanmu, inda sau da yawa mata da yara suka fi yawa cikin waɗanda aka rasa. Yarinyar da ta taɓa jin cewa mace na iya ratsa ruwa sau 66 ba hutawa ba za ta kalli ruwa yadda na kalle shi ina ƙarama ba.

Kada kuma ku ɗauka labarin ya ƙare da tafi, domin akwai rikicin kuɗi a cikinsa wanda ɗan jarida zai samu abin bincike. Ninƙaya ba ta kawo wa jami'a kuɗin shiga, kula da kwami kuma na cin kuɗi, don haka duk lokacin da aljihu ya matse ita ake fara dubawa. A watan Agusta, 2020, Jami'ar Iowa ta sanar da rushe tawagoginta na ninƙaya, sai wasu ɗalibai mata suka kai ƙara kotu da hujjar dokar 1972, alƙali ya dakatar da matakin, jami'ar ta dawo da tawagar mata a farkon 2021. Jami'ar Jihar Michigan ta rushe nata a shekarar 2020 ɗin, aka yi shari'a, amma tawagar ba ta dawo ba. A watan Yuni, 2025, wata kotun tarayya ta amince da sulhun da ya ba manyan jami'o'i damar kowacce ta raba wa 'yan wasanta kusan dala miliyan 20.5 a shekara, mafi yawan kuɗin kuma ƙwallon maza ake sa ran za su tafi, aka kuma ƙayyade tawagar ninƙaya kada ta wuce mutum 30. Tun kafin a kammala sulhun, a watan Maris na shekarar, Jami'ar Cal Poly ta rufe nata shirin gaba ɗaya. Waɗanda wannan guguwa za ta fara ɗauka su ne irin ɗalibata mai jiƙaƙƙen gashi, ba su Ledecky ba, kuma idan gurabe suka ragu, 'yar Harare ko 'yar Alƙahira ta gaba ce za ta rasa wurin zuwa.

Roƙona gare ku, malamai, bai fi ƙarfinku ba. Idan watan Maris ya kama, ku ware mana ko da minti biyar a shirinku, ku faɗi makarantar da ta ɗauki kofi, ku faɗi sunan wadda ta kafa tarihi da abin da take karantawa, ku duba jerin sunayen ku fito mana da 'yan Afirka da ke ciki. Ku zauna a junanku ku daidaita sunayen salon iyo da Hausa, domin waɗanda na yi amfani da su a nan ƙoƙarina ne kawai, kuma kalmar da ta fita daga bakinku ita jama'a za su riƙe, kamar yadda kuka ba mu bugun daga-kai-sai-mai-tsaron-gida. Idan an zo wasannin jami'o'in Najeriya na NUGA, inda ninƙaya ke cikin abubuwan da ake fafatawa, ku aika wakili bakin kwami ya kawo mana sunayen matan da suka ci, ya kuma tambayo jami'o'i nawa ne ke da kwamin da ke da ruwa a ciki, da ko akwai lokacin da aka ware wa ɗalibai mata. Ita gasar Amurkar ranar Laraba ake fara ta, a rufe ranar Asabar da dare agogon can, hukumar kuma tana sa sakamakon a intanet kyauta tsere bayan tsere, wato zai iso teburinku kafin ku shiga shirin safiyar Lahadi.

Wassalamu alaikum.

Taku,
wata mai sauraronku.